Tarin fuka mai taurin kai: ba a tsare mutum, ba a kuma sayar masa da magani

Makon jiya wata maƙwabciyarmu ta shigo gidanmu da takardar gwajin ƙanenta a ƙulle a gefen zani. An ce masa tarin nasa mai taurin kai ne, ba ya jin maganin da aka saba bayarwa. Tun daga ranar ba su sake leƙa asibiti ba. Wai sun ji ana cewa duk wanda aka samu da irin wannan sai a tsare shi shekara biyu a ɗaki, a yi ta ɗirka masa allurar da ke kashe kunne, a ƙarshe a miƙo musu lissafin da ko gona suka sayar ba za ta biya ba.

Wani ɓangare na zancen tsohon labari ne, sauran kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Gaskiya ne a da magani kan ɗauki wata 18 zuwa 20, da allura kullum na tsawon watanni, kuma allurar ta kurumtar da mutane da dama. Su waɗanda suka ga haka da idonsu ba za a zarge su don sun tsorata ba. Amma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara janye waɗannan allurai, a ƙarshen 2022 kuma ta amince da haɗin ƙwayoyi huɗu da ake kira BPaLM, a sha wata shida, babu allura ko ɗaya. Najeriya ta rungumi wannan tsari. Masu ciki, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 14 ana ɗora su a kan wani haɗin dabam.

Batun tsarewa fa? Tsarin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ƙasa bai ce a kulle kowa ba. Wanda jikinsa ya yi tsanani, ko numfashi ke gagararsa, shi ake kwantarwa a cibiyoyi irin su Asibitin Zana a Kano ko cibiyar Saye a Zariya har ya farfaɗo. Wanda ke iya tashi da ƙafarsa, a gida yake shan magani, wani daga iyali ko ma'aikacin lafiya na sa ido, yana komawa lokaci-lokaci a duba kakinsa, jininsa da bugun zuciyarsa. Wannan dubawa ba ta ganin dama ba ce: ɗaya daga cikin ƙwayoyin, linezolid, takan jawo ƙarancin jini da jin ƙafa kamar ana tsira mata allura. In haka ta faru a gaya wa likita, kada a daina sha a ɓoye, domin yanke magani a tsakiya na cikin abin da ke koya wa ƙwayar cutar taurin kai tun farko.

Sai kalmar da ta fi rikita mutane: "kyauta". Gwajin kaki a na'urar GeneXpert kyauta ne, kuma cikin kamar awa biyu na'urar ke nuna ko akwai cutar da kuma ko tana jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka da aka saba bayarwa. Maganin ma kyauta ne daga ranar farko har ta ƙarshe, ga kowa, ba a tambayar asalin jiha. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin ƙwayoyin nan, ya ci amanar aikinsa. Akwai lambar wayar shirin yaƙi da tarin fuka, 3340, da ake kira ba tare da an cire kati ba.

Sai dai kyautar a ƙofar ɗakin magani ta tsaya. Kuɗin katin asibiti, kuɗin mota daga ƙauye zuwa inda na'urar take, wani lokaci hoton ƙirji, ga abinci mai gina jiki da maganin ke buƙata, galibi a wuyan mara lafiya suke, mutumin da tari ya riga ya raba da sana'arsa. Sannan awa biyun nan kan zama mako guda idan babu wuta ko an aika kakin wani gari. A ganina, wanda ya rubuta "kyauta" a takarda bai taɓa lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa na wata shida ba.

Ƙanen maƙwabciyata ya koma ranar Litinin, aka ba shi ƙwayoyinsa, aka ce a kawo matarsa da yaransa uku a gwada su. Yayar ce ta biya kuɗin adaidaita, daga kuɗin adashinta.