Bugun Kunamar Higuita Ba a Gasar Kofin Duniya Aka Yi Shi Ba

A majalisar 'yan kallon ƙwallo, da yawa sun ɗauka René Higuita, golan Kolombiya mai dogon gashi, a Gasar Kofin Duniya ya yi bugun kunamarsa. Ba haka ba ne. Wasan sada zumunci ne da Ingila a filin Wembley, a Satumban 1995, aka tashi babu ci. Jamie Redknapp, ɗan wasan Ingila, ya ɗago ƙwallo, Higuita ya yi tsalle ya kifa gaba, ya maido ta da dugadugansa biyu.

A Kofin Duniya kuwa, abin da ya same shi na takaici ne: a 1990 ya fito nesa da ragarsa, Roger Milla na Kamaru ya ƙwace ƙwallon ya ci. Har yau raina na sosuwa idan na tuna.