Kututturen da kuke ƙonawa bishiya ce

Sassabe ya kankama, ni kuma raina ya soma ɓaci kamar kowace shekara. Jiya na tarar da wani dattijo da 'ya'yansa sun tara karmami a kan kututturen kalgo sun cinna masa wuta. Na ce, "Baba, me ya yi maka?" Ya ce, "Malam, cin wuri yake yi." Wannan dattijon da daminar bara shi ne a sahun gaba wajen karɓar dashen darbejiya da ƙaramar hukuma ta raba. Na tambaye shi ina suke. Wai awaki sun cinye.

Kowace damina sai an yi taron dashen itatuwa, ciyaman ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto, a yi alkawarin maido da daji. Ga kuma shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda ya ratsa jihohi 11 na Arewa, daga Kebbi har Borno. Ban raina ko ɗaya ba, da hannuna nake raba dashen. Amma dashe jariri ne, sai da ban ruwa, sai da shinge, kuma rani ɗaya kan isa ya kashe shi. Kututture kuwa saiwarsa ta yi shekaru a ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Toho kawai yake son ku bar masa. Ku kuma wuta kuke sa masa!

Ku leƙa Maraɗi da Damagaram, da yawanku kuna da dangi can. Bayan farin 1984 manomansu suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a aske gona ƙwal, sai a zaɓi tohon kututture a rene shi. Yau ana maganar hekta kusan miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo, akasarinsu ba wanda ya dasa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Aguie har kwamitin tsaro mutanen gari suka kafa don kada wani ya sare abin da wani ya rena. Ƙasarsu ta fi tamu yashi, ruwansu bai kai namu ba.

Masu cewa inuwa na hana gero yi, ku faɗa mini, wa ya taɓa ganin gawo da ganye a tsakiyar damina? Lokacin ne yake kaɗe shi ya zama taki, da rani kuma ya ba dabbobinku 'ya'ya da inuwa. Ku dubi zangarniyar da ke gindinsa, ku dubi ta fili. Sabara da kalgo su ke tare ƙasar da iska ke kwashewa, su ke hana yashi binne shuka. Magarya, aduwa, kanya, duk abin da yaranmu ke ci kyauta ne.

Kuna ta tambayata ina fakara, ina zabin daji, me ya sa amya ba ta cika da zuma. To a ina za su zauna? Wutar da kuke sa wa kututture ba ta tambayar sheƙar wa ke ciki. Ita ma uwargida da ke tafiyar rabin yini neman itacen girki, wutar nan ce ta jawo mata. Don Allah, don Annabi, ku daina ƙona kututture.

Abin yi ba wuya:
- A kowane kututture bar toho 3 zuwa 5 masu ƙarfi, sare sauran.
- Rage rassan ƙasa zuwa rabin tsayi, da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama.
- Ɗaura tsumma a jiki, alamar yana da mai shi.
- Karmami a bar shi shimfiɗe a gona.

Masu unguwanni da kansiloli, ga alkawarin da ba ya cin ko sisi: ku zauna da sarkin noma da arɗo, a tsayar da cewa bishiya mai tsumma ba a sara, wanda ya sara ya biya. Manomi ba zai reni abin da wani zai kwashe da dare ba.

Ranar kasuwa ina gindin tsamiya bayan Azahar. Mai son in je gonarsa in nuna masa ya zo da addarsa, ashana kuma a bar ta gida.