Fonon: girgizar ƙwayoyin zarra a cikin kiristal

Fonon shi ne mafi ƙanƙantar ƙunshin makamashin da girgizar ƙwayoyin zarra a cikin kiristal ke iya karɓa ko bayarwa. A daskararrun abubuwa irin su gishiri, tagulla ko daimon, ƙwayoyin zarra suna jere ne sahu-sahu, kowace maƙale da maƙwabtanta, kuma ba sa tsayawa cak, kullum rawa suke a inda suke. In ɗaya ta motsa sai ta ja ta kusa da ita, ita ma ta ja ta gaba, haka motsin zai ratsa kiristal ɗin gaba ɗaya kamar igiyar ruwa.

Abin mamakin shi ne wannan girgiza ba ta karɓar makamashi yadda aka ga dama. Sai dai dunƙule-dunƙule, ɗaya, biyu, uku, babu rabi, kuma girman kowane dunƙule ya danganta da saurin girgizar, wato in ta fi sauri dunƙulen ya fi girma.

Matsalar zafi ce ta fara tono wannan magana. Tun 1819 masana kimiyya Dulong da Petit suka lura yawancin daskararrun sinadarai na buƙatar kusan jul 25 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin zafin mol ɗaya (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin zarra ne) ya ƙaru da digiri ɗaya, to amma daimon ya ƙi bin wannan ƙa'ida, kuma da aka fara sanyaya abubuwa sosai sai aka ga adadin yana ta raguwa har ya doshi sifiri, tsohuwar fiziks kuwa ta rasa ta cewa. A 1907 Einstein ya kawo amsa: in sanyi ya yi yawa, ɗan zafin da ke akwai bai kai ya cika dunƙule ɗaya ba, don haka girgizar sai ta yi kwance abinta. Sai dai ya ɗauka duk ƙwayoyin da sauri ɗaya suke girgiza. Peter Debye ne ya gyara wannan a 1912, ya saka girgiza masu sauri da marasa sauri a lissafin, nan ne ya yi daidai da abin da ake aunawa a tsananin sanyi. Igor Tamm ya kawo tunanin ɗaukar dunƙulen tamkar ƙwaya a 1930, Yakov Frenkel ya raɗa mata suna fonon daga kalmar Girkanci mai nufin sauti.

Fonon iri biyu ne. Akwai wanda ƙwayoyi maƙwabta ke tafiya tare gefe ɗaya, shi ke ɗaukar sauti. Akwai kuma wanda suke juya wa juna baya, kamar sodiyam da kulorin a cikin gishiri, wannan haske na iya tayar da shi.

Fonon fa ba abu ba ne da za a ciro a ajiye, in babu ƙwayoyin da ke girgiza babu shi, amma aikinsa a bayyane yake. Shi ke ɗaukar zafi a daimon, wanda ba ya wuce da lantarki amma ya ninka tagulla kusan sau 5 wajen wuce da zafi. Shi ke karo da elektiron, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar lantarki, a cikin wayar lantarki ya rage musu gudu, kuma shi ɗin dai ne, a bayanin Bardeen, Cooper da Schrieffer na 1957, ke haɗa elektiron bibbiyu a tsananin sanyi har lantarki ya riƙa gudana ba tare da wata turjiya ba. Ana auna fonon ta hanyar harba nutiron, wato ƙananan ƙwayoyi marasa caji da ke cikin zarra, zuwa cikin kiristal a duba makamashin da suka rasa ko suka samu, dabarar da ta ba Bertram Brockhouse kyautar Nobel a 1994.