Ma'anar "manzo" a wajen Kirista: su wane ne goma sha biyun?

Idan Musulmi Bahaushe ya ji an ce "Manzo", hankalinsa kan Manzon Allah yake tafiya, ko kuwa ɗaya daga cikin annabawan da aka aiko da saƙo. Kirista Bahaushe kuwa idan ya ce "Manzo Bitrus" ko "Manzo Bulus", wani abu dabam yake nufi: mutumin da Yesu Almasihu ya aika. Kalma ɗaya ce, amma wanda ya yi aiken ya bambanta, kuma daga nan ne yawancin rashin fahimtar ke tasowa idan maƙwabta suka zauna hira.

Asalin kalmar da aka fassara ita ce apostolos, da harshen Girkanci, wanda shi ne harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Ma'anarta wanda aka aika, ɗan aike mai ɗauke da izinin wanda ya aike shi. Da masu fassara suka zo sa Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da ya fito cikakke a 1932, sai suka ɗauki kalmar da Hausa ke da ita tun da can ga wanda sarki ya aika da saƙo, wato manzo. Shi ya sa littafi na biyar a Sabon Alkawari ake kiran sa Ayyukan Manzanni. A Alƙur'ani kuwa, mabiyan Annabi Isa na kusa ana kiran su Hawariyawa, kamar yadda ya zo a surar Ali Imrana da Ma'ida da Saffi, ba tare da an ambaci sunayensu ko adadinsu ba.

Sai kuma bambanci tsakanin almajiri da manzo. Almajiri shi ne mai koyo, wanda ke bin malami. Almajiran Yesu suna da yawa, maza da mata. Linjilar Luka ma ta ce an taɓa aika saba'in daga cikinsu bibbiyu, wasu tsoffin kwafin kuma suka ce saba'in da biyu. Daga cikin wannan taron ne aka ware goma sha biyu. Kowane ɗaya daga cikinsu almajiri ne, amma ba kowane almajiri ne manzo ba. Adadin ma ba kara-zube aka zaɓe shi ba, ya yi daidai da kabilun Isra'ila goma sha biyu, kuma Matiyu 19:28 ya haɗa su biyun a fili.

Wurare huɗu ne aka jera sunayen: Matiyu 10, Markus 3, Luka 6, da Ayyukan Manzanni 1. Linjilar Yahaya ba ta jera ba sam. Wanda ya ajiye jerin huɗun nan kusa da juna zai ga tsari a ciki. Sunayen sun kasu rukuni uku, huɗu-huɗu. Bitrus ne na farko a ko'ina, Filibus na biyar, Yakubu ɗan Halfa na tara. A cikin kowane rukuni sunaye sukan sauya wuri, amma babu wanda ke tsallakawa zuwa wani rukunin. Yahuza Iskariyoti kullum shi ne na ƙarshe, sai a Ayyukan Manzanni inda ba ya nan, saura goma sha ɗaya. Mai yiwuwa jeri ne da aka haddace tun kafin a rubuta shi.

Rukunin farko masunta ne, 'yan'uwa biyu-biyu. Saminu, wanda wasu fassarori ke rubutawa Siman, shi ne Bitrus. Bitrus laƙabi ne, ba sunan yanka ba. Yesu ya kira shi Kefas, wato dutse da harshen Aramiya da suke magana da shi, aka juya shi zuwa Girkanci ya zama Petros, daga nan ta hanyar Larabci ya zo mana a Bitrus. Don haka Saminu da Kefas da Bitrus mutum ɗaya ne. Asalinsa Betsaida ne, amma gidansa na Kafarnahum a bakin Tekun Galili, kuma yana da aure, tun da an ambaci surukarsa da ta yi zazzaɓi. Ɗan'uwansa Andarawas sunan Girkanci gare shi, kuma kafin ya bi Yesu almajirin Yahaya Maibaftisma ne. Sai Yakubu da Yahaya, ko Yohanna, 'ya'yan Zabadi, waɗanda aka yi wa laƙabi da Buwanarjis, wato 'ya'yan tsawa. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar su, su ne suka nemi izinin kiran wuta daga sama, to laƙabin bai faɗi ƙasa ba.

An saba cewa masuntan nan talakawa ne tilis, amma a yi hattara da wannan magana. Markus 1:20 ya ce lokacin da Yakubu da Yahaya suka tashi, sun bar mahaifinsu a jirgi tare da ma'aikatansa. Gidan da ke da jirgi har da 'yan ƙwadago ba gidan matsiyata ba ne. Luka kuma ya ce abokan sana'ar Saminu ne, wato sun haɗa jari. A 1986, da fari ya sa ruwan tekun ya janye, an tono wani jirgin katako na zamanin a cikin laka kusa da Ginosar, tsawonsa ya ɗan haura mita 8, faɗinsa kimanin mita 2.3. Irin wannan jirgin yana buƙatar mutum huɗu a kan filafili da ɗaya a kan tuƙi, ga taru da za a wanke a ɗinke kullum, ga haraji a kan kamun. Haka nan inda Ayyukan Manzanni 4:13 ya ce shugabanni sun ga Bitrus da Yahaya marasa ilimi ne, abin da ake nufi ba su yi karatun malanta a hannun malaman Attaura ba.

A rukuni na biyu ne sunaye suka fara rikitarwa. Filibus ɗan Betsaida ne shi ma, mai sunan Girkanci, kuma da wasu Girkawa suka so ganin Yesu a Urushalima, wajensa suka nufa, shi kuma ya je ya sami Andarawas. Kada a haɗa shi da Filibus na Ayyukan Manzanni 8, wanda ya yi wa jami'in sarauniyar Habasha baftisma. Wancan yana cikin mutum bakwai da aka naɗa don rabon abinci. Bartalamawas kuwa ba suna ba ne a zahiri, alkunya ce irin ta "ɗan wane": Bar Talmai, ɗan Talmai. Tun da Yahaya bai ambaci Bartalamawas ba amma ya ambaci Nata'ala mutumin Kana, wanda Filibus ya kawo, kuma linjilolin uku suna sa Bartalamawas kusa da Filibus, da yawa sun ɗauka mutum ɗaya ne. Hasashe ne mai ma'ana, amma babu ayar da ta faɗa. Toma ma haka: kalmar tana nufin tagwaye da Aramiya, Didimas kuma ita ce fassararta da Girkanci. Kamar a ce ana kiran mutum Ɗan Tagwai har a manta sunansa.

Matiyu, ko Matta, mai karɓar haraji ne a Kafarnahum. Garin yana kusa da iyakar ƙasar sarki Hirudus Antibas da ta ɗan'uwansa, wani Filibus dabam, don haka akwai rumfar kuɗin fito a kan hanya, inda ake cajin kayan da ke wucewa. Masu wannan aiki sukan sayi haƙƙin karɓa ne, abin da suka ɗora a kai shi ne ribarsu, shi ya sa jama'a suka tsane su har ana haɗa sunansu da masu zunubi. Labarin kiran da aka yi masa a rumfar yana cikin Markus da Luka, amma a can sunan mutumin Lawi, Markus ma ya ce ɗan Halfa. Galibi ana ɗaukar Lawi da Matiyu mutum ɗaya mai suna biyu.

Rukuni na uku shi ne wanda aka fi ƙarancin sani a kansa. Yakubu ɗan Halfa, ban da sunansa, kusan babu abin da aka faɗa. Matiyu da Markus suna da Tadiyas, Luka kuma a gurbinsa ya sa Yahuza ɗan Yakubu. Yahaya ya ambaci wani Yahuza ya ƙara da cewa ba Iskariyoti ba. Wasu tsoffin kwafin Matiyu ma Labiyas suka rubuta. Sai Saminu na biyu, wanda laƙabinsa ya daɗe yana yaudarar masu karatu. Matiyu da Markus sun kira shi da kalmar da ta yi kama da Bakan'ane, sai a zaci daga ƙasar Kan'ana ko garin Kana yake. Kalmar Aramiya ce mai nufin mai kishi, abin da Luka ya fassara da Zaloti. Ko kishin addini ake nufi ko ƙin jinin mulkin Roma, ana gardama, domin ƙungiyar Zaloti ta 'yan tawaye ta fi bayyana ne a yaƙin Yahudawa da Roma da ya ɓarke a shekara ta 66 miladiyya. Ko ma wanne ne, zamansa a inuwa ɗaya da mai karɓar haraji abin lura ne.

Yahuza Iskariyoti, wanda ya ci amanar Yesu, shi ne ma'ajin tafiyar, jakar kuɗi a hannunsa take. Fassarar da aka fi karɓa ga laƙabinsa ita ce mutumin Keriyot, wani gari a kudu. Idan haka ne, mai yiwuwa shi kaɗai ne ba Bagalile ba a cikinsu.

Bayan mutuwarsa aka cike gurbin, kuma nan ne aka bayyana sharaɗin zama ɗaya daga cikin goma sha biyun. A gaban mutum kimanin 120, Bitrus ya ce dole ya zama wanda ya kasance tare da su tun daga baftismar Yahaya Maibaftisma har ranar da aka ɗauke Yesu, don ya zama shaidar tashinsa daga matattu. Aka tsayar da biyu, Yusufu Barsaba da Matiyas, aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba a Sabon Alkawari. Da sarki Hirudus Agaribas na ɗaya ya sa aka kashe Yakubu ɗan Zabadi da takobi, a farkon shekarun 40, ba a naɗa kowa a madadinsa ba. Ridda ce ta buɗe gurbi, mutuwa ba ta buɗe ba.

Da wannan sharaɗin, Bulus bai cancanta ba, kuma shi da kansa ya san ana yi masa wannan gori. Bayahude ne ɗan kabilar Biliyaminu, haifaffen Tarsus a ƙasar Turkiyya ta yau, Bafarisiye, wato ɗan ɗarikar Yahudawa masu tsananin kiyaye Attaura, mai sana'ar ɗinkin tanti, kuma ɗan ƙasar Roma tun haihuwa bisa ga Ayyukan Manzanni. Bai bi Yesu a Galili ba, hasali ma ya fara ne da tsananta wa mabiyansa. Hujjarsa ita ce ya ga Almasihu bayan tashinsa, kuma shi ya aike shi ga al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Akwai kuskuren da ya bazu cewa an canja masa suna daga Shawulu zuwa Bulus ranar da ya tuba a hanyar Dimashƙu. Littafin ya ci gaba da kiran sa Shawulu har babi na 13, inda aka ce Shawulu wanda kuma ake kira Bulus. Ɗaya sunan Ibrananci ne, ɗaya na Romawa, ya riƙe duka biyun.

A nan kalmar ta faɗaɗa. An kira Barnaba manzo, Balawi ɗan tsibirin Kubrus wanda sunansa na asali Yusufu. Bulus ya lissafa Yakubu ɗan'uwan Ubangiji tare da manzanni, kuma wannan shi ne Yakubu na uku, shugaban ikkilisiyar Urushalima, wato jama'ar Kiristocin can, wanda masanin tarihi Yusufus ya ba da labarin kashe shi a shekara ta 62. A Romawa 16:7 akwai Andaranikas da Yuniya, sunan da yawancin masana yau suke karantawa na mace, ko da yake ana saɓani kan ko ayar na nufin su manzanni ne ko sanannu ne a wajen manzanni. Wani lokaci ma kalmar ɗan aike kawai take nufi, kamar Abafaroditas da ikkilisiyar Filibi ta tura da gudummawa. Markus da Luka kuwa, duk da linjilolin da ke ɗauke da sunayensu, ba sa cikin goma sha biyun.

Game da ƙarshen rayuwarsu, mutuwar biyu kaɗai Sabon Alkawari ya ba da labari: Yahuza da Yakubu ɗan Zabadi. Kashe Bitrus da Bulus a Roma zamanin sarki Nero yana da tsohuwar shaida a rubuce-rubucen ikkilisiya. Zuwan Toma Indiya al'ada ce da Kiristocin Kerala suka riƙe da ƙarfi har suna kiran kansu da sunansa. Sauran labaran, kamar gicciye Andarawas a kan gungume mai siffar X, sun fito ne ƙarnuka bayan haka, kuma ya kamata mai wa'azi ya faɗa wa jama'a cewa al'ada ce.

A yau Katolika da Otodoks da Angilikan suna ɗaukar bishop-bishop a matsayin magadan manzanni ta hanyar ɗora hannu, amma ba sa kiran su manzanni. Coci-coci da yawa na Fentikos a Najeriya da Ghana kuwa suna ba shugabanninsu muƙamin kai tsaye, suna kafa hujja da Afisawa 4:11. Wasu ɗarikun kuma suna ganin muƙamin ya ƙare da shaidun farko, saboda sharaɗin da aka gindaya ranar zaɓen Matiyas.