Ƙa'idar 11.7: Iyakar Tallafin Karatu a Wasan Besbol na Jami'o'in Amurka

Ƙa'idar 11.7 doka ce ta hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka. Ta kayyade cewa ƙungiyar besbol ta kowace jami'a da ke rukuni na ɗaya, wato mafi girma cikin rukunan hukumar uku, ba za ta raba wa 'yan wasanta abin da ya wuce kuɗin cikakken tallafin karatu na mutum 11.7 ba. An yanke wannan adadi a 1991, ya kuma yi aiki fiye da shekara talatin, har zuwa 2025 da sulhun wata shari'a ya kawar da shi ga jami'o'in da suka shiga sabon tsari. An kafa dokar ne don rage kashe kuɗi da kuma daidaita ƙarfin makarantu wajen zawarcin 'yan wasa. Ta rage kashe kuɗin, amma daidaiton bai samu ba, domin lamba ɗaya ce a takarda, darajarta kuwa ta bambanta daga makaranta zuwa makaranta.

Asalin adadin

Kafin 1991 besbol na da tallafi 13. A babban taron NCAA na wannan shekara aka zaftare kashi 10 cikin 100 na tallafin wasanni da dama, sai 13 ta koma 11.7. Ba wani nazari aka yi kan bukatun wasan ba, lissafin ragi ne kawai ya haifar da lambar. Daga baya jami'o'i da yawa sun riƙa kafa hujja da dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, suna cewa ƙara wa besbol na nufin sai an ƙara wa wasannin mata. Tun da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ita kaɗai tana cinye tallafi 85 na maza, sauran wasannin maza ne suka ɗauki nauyin matsin.

Kafin sulhun 2025, NCAA ta kasa wasanni gida biyu. A wasu, kamar ƙwallon ƙafar Amurka a babban matakinta da ƙwallon kwando mai tallafi 13 ga maza da 15 ga mata, kai ake ƙirgawa, kuma wanda aka ba tallafi yawanci cikakke yake samu: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai. Besbol kuwa tana cikin wasannin da ake gutsuttsura tallafin, wannan ya sami rubu'i, wancan rabi. A rukuni na biyu adadin 9 ne, rukuni na uku kuma ba ya ba da tallafin wasa sam.

Yadda rabon yake

Daga kakar karatu ta 2008 zuwa 2009 aka ƙara wasu sharuɗɗa, bayan an ga 'yan besbol na ja da baya a karatu suna kuma yawan sauya makaranta. Ƙungiya ba za ta wuce mutum 35 ba, waɗanda za su ci tallafi aka rage su har suka tsaya a 27, kuma duk wanda za a ba, kada a ba shi ƙasa da kashi 25 cikin 100. Idan aka raba 11.7 ga mutum 27, kowa zai tashi da kusan kashi 43 cikin 100. Amma ba koci mai yin rabon daidai. Gwanayen masu jifa da mai tare ƙwallo a bayan mai bugu su ake fara ba kaso mai tsoka, saura a lallaɓa su da rubu'i, mutum takwas kuma su buga wasa ba ko sisi. Ron Polk, wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar Mississippi State, ya yi suna wajen sukar waɗannan dokoki, yana ganin hukumar ta mayar da besbol saniyar ware. Bayan annobar korona ta 2020 an sassauta, har yawan 'yan ƙungiya ya kai 40, masu cin tallafi 32, amma 11.7 ɗin tana nan ba ta motsa ba.

Inda rashin adalcin ya ɓuya

Tallafin kaso ne na kuɗin makaranta, kuɗin makaranta kuwa ba ɗaya ba ne. A ɗauki misali: jami'a mai zaman kanta da shekararta ke cin dala 70,000, da ta jiha da ɗan jihar ke biyan dala 25,000. Kowacce ta yi wa yaro tayin rubu'i. A ta farko iyayensa za su nemo dala 52,500 duk shekara, a ta biyu 18,750. Koci biyun sun kashe kaso iri ɗaya daga cikin 11.7 ɗinsu, amma a teburin cin abincin gidan su yaron, inda uba ke riƙe da biro yana lissafi, tayin biyu ba su ko yi kama da juna ba. Haka nan ɗan wata jiha yakan biya ninki biyu ko fiye na abin da ɗan gida ke biya a jami'ar jiha, don haka jihohin da ke da tarin gwanaye a cikin gida, irin su Fulorida da Tekzas da Kalifoniya, sun fi sauran sauƙin cika ƙungiya.

Sai kuma tallafin da jihohi ke ba ɗalibai masu ƙoƙari. Jojiya ta fara shirin HOPE a 1993 da kuɗin cacar lotiri ta jiha, tana biya wa ɗan jihar da ya kai matsakaicin maki 3.0 babban kaso na kuɗin karatu. Fulorida ta bi sahu da Bright Futures a 1997, Luwiziyana na da TOPS, Tenesi da Karolina ta Kudu da Kentaki su ma suna da nasu. Kocin da ke irin waɗannan jihohi yana iya ɗauko yaron da jiha ta riga ta ɗauke masa nauyi, ya ajiye nasa kason ya farauto ɗan wata jiha da shi. Alabama ba ta da lotiri, saboda haka jami'o'in Alabama da Auburn suka shafe shekaru suna kokawa cewa ana haɗa su gasa ɗaya ta SEC, ta manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, da maƙwabtan da ke da aljihu biyu.

Babu sunan da ya fi yawan fitowa a wannan muhawara kamar Vanderbilt, jami'a mai zaman kanta a birnin Nashville. A 2008 ta sanar da shirin Opportunity Vanderbilt, wanda ke biyan bukatar duk ɗalibin da aka ɗauka gwargwadon ƙarfin iyayensa, kyauta ba rance ba. Shirin na kowa ne, ba na 'yan wasa kaɗai ba. Amma ɗan besbol daga gida mai ƙaramin ƙarfi na iya samun kusan cikakken tallafi ta wannan hanya ba tare da ya taɓa 11.7 ba. Ƙungiyar, ƙarƙashin koci Tim Corbin, ta ci kofin ƙasa a 2014 da 2019, abokan hamayya kuma suka yi ta cewa ba da 11.7 take wasa ba. Akwai gaskiya a ƙorafin, sai dai bai kamata a manta cewa jami'ar na da tsada ƙwarai kuma shigarta na da wuya ba, sannan yaran da suka amfana su ne dai waɗanda tsarin ke korewa a wasu wurare. A 2020 NCAA ta halatta haɗa tallafin mabuƙata da na hazaƙa da na wasa ba tare da an ƙirga biyun farko cikin kason ƙungiya ba. Hakan ya taimaki iyalai da yawa, ya kuma ƙara wa jami'o'i masu manyan asusun gidauniya fifiko.

Akwai wani gibin da ba a cika magana a kansa ba. 11.7 rufi ne, ba tilas ba. Cikin jami'o'i kusan 300 da ke rukuni na ɗaya, da yawa daga ƙananan gasanni ba su taɓa iya biyan adadin duka ba. Jami'o'in Ivy League, rukunin fitattun jami'o'i takwas irin su Harvard da Yale, kuwa ba sa ba da tallafin wasa tun asali.

Tasiri kan yaran talakawa

Nan ne abin ya fi ciwo. Yaro mai baiwar wasa biyu, idan aka ajiye masa cikakken tallafi a ƙwallon ƙafar Amurka da rubu'i a besbol, kuma gidansu ba hali, zaɓin ya riga ya zaɓi kansa. Ga shi kafin koci ya gan shi ma sai iyaye sun kashe kuɗi a ƙungiyoyin yara masu yawon gasa da tarukan baje kolin gwaninta irin na kamfanin Perfect Game: kuɗin rajista, mai, otal, kayan wasa, shekara bayan shekara. Baƙaƙen fatar Amurka sun kai kusan kashi 18 cikin 100 na 'yan babbar gasar ƙwararrun besbol ta MLB a 1991, amma a 'yan shekarun nan suna wajen kashi 6. A wasan ƙarshe na gasar MLB, wato World Series, na 2022 babu baƙar fata haifaffen Amurka ko ɗaya a jerin 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, abin da ba a gani ba tun 1950. Dalilan wannan koma baya suna da yawa, ba za a ɗora su duka kan doka ɗaya ba, amma ƙarancin tallafin jami'a na cikin waɗanda masu nazari ke yawan ambata. Nauyinsa ya ƙaru tun da MLB ta rage zagayen ɗibar sababbin 'yan wasa daga 40 zuwa 20 a 2021, ta kuma rage ƙananan ƙungiyoyin rainonta zuwa 120, wato jami'a ta ƙara zama ƙofar shiga.

Sauyin 2021 zuwa 2025

A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Alston, ta yanke da murya ɗaya cewa NCAA ba ta da ikon hana jami'o'i ba 'yan wasa ƙarin alfanun da ya shafi karatu. Daga 1 ga Yuli na shekarar aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu. Nan da nan attajiran magoya baya suka kafa ƙungiyoyin tara kuɗi, suna cike gibin da tallafin ya bari. Da aka kuma sauƙaƙa sauya makaranta, sai ƙananan jami'o'i suka wayi gari suna raino, manya suna ɗauka.

A ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wadda ta ɗauki sunan Grant House, tsohon ɗan ninƙaya na Arizona State. An amince a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, jami'o'i kuma su iya raba wa 'yan wasansu har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Iyakar tallafi ta tafi, iyakar yawan 'yan ƙungiya ta maye gurbinta: a besbol mutum 34, kuma ana iya ba kowannensu cikakken tallafi.

Ga yaron da ya sami gurbi a babbar jami'a, wannan ci gaba ne na gaske, domin abin da iyayensa ke biya na iya sauka har ƙasa. Amma damar ba kowa ba ce ke iya amfani da ita. Jami'o'in manyan gasanni irin su SEC da ACC masu kuɗin talabijin na iya ninka tallafinsu, alhali wata a ƙaramar gasa har yanzu ba ta kai 11.7 ba. Saukowa daga 40 zuwa 34 kuma ta rufe ƙofa ga masu shiga ƙungiya ba tare da tallafi ba, ko da yake alƙaliyar ta sa an kare waɗanda ragin zai kora daga cikin 'yan wasan da ke nan a lokacin. Ƙananan makarantu sun sha ba da mamaki a gasar ƙarshe ta kofin ƙasa da ake yi a Omaha ta jihar Nebraska tun 1950: Fresno State ta ci kofin a 2008, Coastal Carolina a 2016, Murray State kuma ta isa can a 2025. Dukkansu sun yi hakan ne a lokacin da manyan abokan karawarsu ke ɗaure da rufin 11.7.