Daga ɓerayen Selye zuwa marayun Romaniya: waiwaye kan damuwa da ƙwaƙwalwar yaro

"Yaro ne, zai manta." An daɗe ana faɗin haka, har likitoci ma sun yi shekaru suna aiki da wannan zato. Kimiyya ta rushe shi a hankali, kuma ba daga kan yara aka fara ba.

A 1936, wani matashin mai bincike a Jami'ar McGill da ke Kanada, Hans Selye, ya lura cewa ɓerayen gwajinsa suna nuna alamu iri ɗaya ko da me aka gallabe su, sanyi ne ko allura ko gajiya. Gyambon ciki yake gani, da kumburin wasu ƙananan sassa da ke saman ƙoda, da lalacewar sassan da ke riƙe garkuwar jiki. Waɗannan sassan na saman ƙoda su ne ke fitar da sinadarin kotizol a jikin mutum. Idan haɗari ya taso, kotizol alheri ne, domin yana ƙara sukari a jini, yana tsayar da hankali wuri guda. Ɓarnar tana zuwa ne idan haɗarin ya ƙi wucewa, jiki ya kasa sauka daga shirin ko-ta-kwana.

A 1945 René Spitz ya rubuta game da jarirai a gidajen reno waɗanda ake ciyarwa, ake yi wa wanka, amma babu mai ɗaukarsu, sai suka riƙa ramewa suna dusashewa. A 1951 John Bowlby ya shaida wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa lafiyar hankalin yaro tana buƙatar shaƙuwa mai ɗorewa da mai renonsa. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin zancen tausayi kawai, don babu wanda ya nuna inda abin yake a cikin kai. Bruce McEwen ne ya nuna a 1968, lokacin da ya gano cewa sashen ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas, wanda ke kula da koyo da tunawa, cike yake da wuraren da sinadaran damuwa ke maƙalewa. Bincike na baya ya ƙara da cewa doguwar damuwa tana tsuke rassan jijiyoyin wannan sashe, alhali amigdala, mai kaɗa ƙararrawar tsoro, ƙara kaifi take yi.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan ya faru ne a asibitin rage ƙiba. A tsakiyar shekarun 1980, Dakta Vincent Felitti na San Diyego a Amurka ya rasa dalilin da ya sa masu jinyar da suka fi samun nasarar rage nauyi su ne ke gudu daga shirin. Da ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya tarar da yawansu an ci zarafinsu suna ƙanana, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu. Daga nan shi da Robert Anda suka tambayi manya sama da 17,000 game da duka, da fyaɗe, da rikicin gida, da tasowa tare da mashayi ko mai taɓin hankali. Kusan kashi biyu cikin uku sun ambaci aƙalla ɗaya. Rahoton farko ya fito a 1998, ya nuna cewa wanda ya haɗu da huɗu ko fiye, haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai ya ninka masa sau 4 zuwa 12. Kuma mafi yawan waɗannan mutane masu ilimi ne, masu rufin asiri.

Hujja mafi ɗaci ta fito daga Romaniya. Dokar shugaban ƙasar, Ceaușescu, ta 1966 da ta hana zubar da ciki, haɗe da talauci, ta cika gidajen marayu. Da gwamnatinsa ta faɗi a Disambar 1989, an tarar da yara sama da 100,000 a ciki, wasu suna jijjiga jikinsu a gado yini guda, wasu sun daina kuka. Daga shekarar 2000, Charles Nelson da abokan aikinsa suka bi yara 136 a birnin Bukarest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu sun fi sauran farfaɗowa a basira da shaƙuwa. Watanni kaɗan suka raba makomar wani yaro da ta yaron da ke kwance a gadon kusa da shi.

A 2004 Michael Meaney da tawagarsa suka nuna cewa ɓeran da uwarsa ke yawan lasarsa yana girma da natsuwa, domin renon yana sauya yadda ƙwayar gadon da ke sarrafa sinadarin damuwa take aiki. Ko da uwar riƙo ce, sakamakon ɗaya ne.

Akwai wani binciken da ya kamata a riƙa ambata tare da waɗannan. Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kawai na Hawai a 1955 har girmansu. Cikin waɗanda suka taso a wahala, kusan kashi ɗaya cikin uku sun zama manya masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun babba guda da ya riƙe su, kaka ko malami ko maƙwabci. Shi ya sa nake jin tsoron yadda wasu ke ɗaukar lissafin Felitti kamar hukunci a kan mutum. Anda da kansa ya yi gargaɗi a 2020 cewa an tsara makin, wato ƙirgen irin wahalhalun da mutum ya haɗu da su yana ƙarami, don nazarin jama'a ne, ba don auna makomar mutum ɗaya ba, domin bai ƙirga tsananin abin da ya faru ba, ko shekarun yaron a lokacin, ko wanda ya tsaya masa.