Launin Gashi da Gado a Tsuntsun Jushimatsu

Jushimatsu ɗan ƙaramin tsuntsu ne na keji, tsawonsa bai wuce santimita 11 zuwa 12 ba. Turawa na ce masa society finch ko Bengalese finch, a kimiyyance kuwa sunansa Lonchura striata domestica. Ba a samunsa a daji. Kakansa wani tsuntsu ne mai cin tsabar ciyawa a kudanci da gabashin Asiya, wanda aka kai Japan daga Sin kimanin shekara 250 da suka wuce. A hannun masu kiwon Japan ya zama na gida, a can kuma launukansa suka fara rarrabuwa. Ya isa Turai a ƙarni na 19.

Sinadaran launi

Duk launin jikinsa daga sinadarin melanin yake fitowa, kuma iri biyu ne: yumelanin mai ba da baƙi da makuba, da fiyomelanin mai ba da ƙasa-ƙasa mai ja-ja. Shi ya sa ba a ganin kore ko shuɗi a jikinsa. Kowane sabon launi ragi ne a ɗaya daga cikin biyun, ko a dukansu.

Launin asali shi ne cakulan, wato makuba mai duhu a kai da baya, ciki kuma da haske da ɗan zane-zane. Idan yumelanin ya ragu sai a sami mai ƙasa-ƙasa tsaka-tsaki. Idan ya kusa ƙarewa sai a sami mai ruwan kirfa. Idan jan ne ya tafi, tsuntsu ya fito ruwan toka. Akwai fari fat mai baƙin ido, akwai kuma zabiya mai jan ido.

Yadda ake gadonsu

Cakulan ke da rinjaye. Ruwan kirfa da ruwan toka ɓoyayyu ne, ba sa bayyana sai ɗan tsako ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka. Lissafin ɗaya ne da na sikila da aka saba ji kafin aure: iyaye biyu masu launin cakulan, kowanne na ɗauke da ruwan kirfa a ɓoye, kowane ƙwai nasu yana da damar kashi 25 cikin 100 na fitowa ruwan kirfa, kashi 50 ya ɗauka a ɓoye, kashi 25 ya fito cakulan tsantsa. Dama ce ga kowane ƙwai, ba rabon sheƙa ba. Macen kan saka ƙwai 4 zuwa 6, don haka ana iya ƙyanƙyashe sheƙa guda cur ba a ga ko ɗaya ba. Nan ne masu kiwo da yawa ke yanke hukunci da wuri su rabu da iyaye masu kyau.

Wasu launukan kuma suna tafiya da jinsi. Kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin halittar gado; a tsuntsaye namiji ke da kuromosom na jinsi iri ɗaya guda biyu, ZZ, mace kuma iri biyu, ZW, akasin yadda yake a mutane. Kiramino, mai ruwan madara da jan ido, da kuma mai ruwan lu'ulu'u da aka samar a Japan, duk a kan Z suke. Saboda mace Z ɗaya gare ta, ba ta iya ɓoye su: in ta gada, sai ya fito a jikinta. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin a wannan tsuntsu namiji da mace kamarsu ɗaya, sai dai a jira namiji ya fara waƙa yana kumbura gashi. Amma idan aka haɗa namiji kiramino da mace cakulan, duk 'ya'yan da suka fito kiramino mata ne, masu duhun kuwa maza ne masu ɗauke da shi a ɓoye. Tun suna tsirara a sheƙa jan idon ke nuna su.

Roɗi-roɗin fari shi ne ya fi yawa a kasuwa, shi ne kuma ya fi wuyar sarrafawa. Ba a iya faɗin inda farin zai sauka, kuma da zarar ya shiga zuriya, fitar da shi aiki ne na shekaru. Masu kai tsuntsaye gasar nuni, waɗanda ke son launi ɗaya tas, sukan ware tsuntsu saboda farin gashi ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin baki.

Tukku da murɗaɗɗen gashi

Tukku yana da rinjaye, ɗaya daga cikin iyaye ya isa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce a haɗa mai tukku da marar tukku, don haɗa biyu masu tukku kan kawo sanƙo da raunanan 'ya'ya. Japanawa sun ware ire-iren murɗaɗɗen gashi da sunayensu: bonten mai tukku a ka, ciyoda mai murɗi a ƙirji, cunagon mai tsayayyen gashi a wuya.

Hattara wajen kiwo

Neman ɓoyayyen launi kan tura mai kiwo ya riƙa haɗa 'yan gida ɗaya, abin da ke rage girman jiki da yawan ƙyanƙyasa. Asara ce babba, domin abin da ya ɗaukaka wannan tsuntsu shi ne iya reno: yakan kwanta a kan ƙwan wasu, irin su tsuntsun Gouldian na Ostireliya, ya ciyar da 'ya'yansu kamar nasa. Masu jan ido kuma ba sa jure haske mai ƙarfi, kejinsu na bukatar inuwa. Zobe a ƙafar kowane ɗan tsako da littafin rubuta iyayensa su ne babbar hanyar sanin abin da tsuntsu ke ɗauke da shi a ɓoye.